Yadda Ake Neman Gurbin Mastas a Fannin Kula da Harkokin Ɗalibai a Amurka

A jami'o'inmu na gida, da an ce ofishin harkokin ɗalibai, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne rabon gado a hostal, da jerin sunayen masu tafiya bautar ƙasa, da sasanta hukumar makaranta da shugabannin ƙungiyar ɗalibai idan rigima ta tashi. Shugaban ofishin galibi farfesa ne da aka ɗauko daga wani sashe ya riƙe na 'yan shekaru, ma'aikatansa kuma daga ofishin rijistara ake turo su. A Amurka sana'a ce mai cin gashin kanta, tana da digirinta da manyan ƙungiyoyinta biyu: NASPA, wadda ta faro a 1919, da ACPA, wadda aka kafa a 1924. Mai zama da ɗalibai a hostal, da mai tarbar sababbin shiga, da mai ba su shawara kan kwasa-kwasai, da mai taimaka musu neman aiki, da mai sauraron ƙarar ladabtarwa, da mai kula da ɗaliban ƙetare, duk 'yan sana'a ɗaya ne, kuma yawancin guraben aikinsu mai mastas ake nema.

Na bi wannan hanya, na kuma sha zama da ƙanne muna gyara takardunsu, kuma abin da na fi nanata musu ɗaya ne. A wannan fanni abu biyu kake nema a lokaci guda: gurbin karatu, da aikin da jami'a ke ba ɗalibin mastas, wanda ake kira graduate assistantship, a taƙaice GA. Aikin GA shi ke biyan kuɗin makaranta, shi ke ba ka alawus, shi ne kuma gogewar da za a tambaye ka ranar da ka fito neman aiki. Wanda ya samu gurbi bai samu GA ba, rabin tafiya ya yi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan na gina shi.

Abubuwan da za ka tanada

- Takardar shaidar digirin farko da taranskirif, wato cikakken sakamakon kowane kwas tun daga aji ɗaya.
- Fasfo mai sauran wa'adi. Sunan da ke cikinsa ya yi daidai da na takardun makaranta harafi da harafi. Idan Muhammad ne a nan, Mohammed a can, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu.
- CV na shafi ɗaya ko biyu.
- Mutum uku da suka san aikinka, za su rubuta maka wasiƙar shaida.
- Sakamakon jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS ko Duolingo, idan makarantar ta nema. Da yawa suna yafe wa 'yan Najeriya da Ghana, wasu ba sa yafewa. Wanda ya yi karatu da Faransanci ko Larabci, kamar a Nijar ko Chadi ko Sudan, ya sa a ransa zai rubuta.
- Kuɗi, da katin da zai iya biya da dala. Kuɗin fom yawanci dala 50 zuwa 100 ne kowace makaranta, ban da kuɗin auna sakamako da na biza.
- Adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, da littafi ko shafin Excel na rubuta wa'adin kowace makaranta.
- Lokaci. Karatu yana farawa a watan Agusta, to shiri ya fara tun Yuni ko Yulin shekarar da ta gabace shi.

Jarrabawar GRE, wadda wasu jami'o'in Amurka ke nema wajen shiga mastas, ba na sa ta a jerin, don yawancin shirye-shiryen wannan fanni sun daina nemanta. Kada ka biya kuɗinta sai ka ga makarantar da ka zaɓa ta rubuta cewa dole ce.

1. Ka fara duba ko ƙofar biza a buɗe take

Da can wannan mataki na ƙarshe ne, yanzu ya dawo na farko. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, cikinsu har da Chadi da Sudan. A watan Disamban shekarar aka faɗaɗa jerin: Nijar ta shiga cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar wa wasu nau'o'in biza, har da ta karatu. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka kafin ka kashe ko sisi, ka shiga shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka ka karanta da idonka, ko ka tuntuɓi EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, da ke da ofis a Abuja da Legas. Kada ka dogara da abin da ejan ya gaya maka, shi kuɗin fom yake so.

Idan kana da takardun zama a Amurka, ko a can aka haife ka, ko kana karatu a can yanzu, wannan bai tsaya maka a gaba ba, sai ka wuce mataki na biyu. Idan ƙofar a rufe take a kanka, ka karanta har ƙarshe duk da haka. Shirin takardu ba ya lalacewa, kuma a mataki na goma na kawo wasu hanyoyin.

2. Ka tabbatar aikin ne kake so

Aikin ba ya kawo arziki. Albashin masu farawa ƙarami ne idan aka kwatanta da na injiniya ko ma'aikacin lafiya, kuma ana aikin dare da na ƙarshen mako. Idan burinka kawai ka tsallake ne, akwai fannonin da suka fi wannan sauƙin samun aiki bayan karatu.

Akwai kuma abin da ya kamata musulmi, ko duk wanda ya tashi cikin tarbiyyarmu, ya sani tun kafin ya sa ƙafa. Idan GA ɗinka a hostal ne, za a riƙa ba ka wayar ko-ta-kwana na mako guda. Ƙarfe biyun dare za ta yi ƙara, a ce ga yarinya 'yar shekara 18 ta sha giya ta faɗi a bayi, ko ga yaro ya kulle kansa a ɗaki yana cewa ya gaji da rayuwa. Kai za ka sa riga ka je, ka kira motar asibiti, ka zauna da abokin ɗakinsa, ka rubuta rahoto kafin gari ya waye. Za ka yi wa ɗalibai hidima waɗanda addininsu da salon rayuwarsu suka sha bamban da naka, kuma ba a ba ka damar zaɓe ba. Ba wanda zai hana ka sallarka ko hijabinki, amma ba wa'azi aka ɗauke ka ka yi ba. Na ga mutane masu riƙon addini sosai da suka yi fice a aikin nan, saboda haƙurin sauraro da suka zo da shi daga gida. Na ga kuma waɗanda abin ya yi musu nauyi. Ka tambayi zuciyarka tun kana gida.

3. Zaɓen makarantu

Shirin ba shi da suna ɗaya, kuma nan mutane ke ɓata. Wasu makarantu suna ce masa Higher Education and Student Affairs, kamar Jami'ar Indiana da ke Bloomington, da Ohio State, da Jami'ar Vermont. Wasu College Student Personnel, kamar Bowling Green State a jihar Ohio da Western Illinois. Wasu kuma Student Affairs in Higher Education, kamar Colorado State da Jami'ar Miami ta Ohio. A Michigan State, Student Affairs Administration ne. NASPA da ACPA kowace tana da kundin shirye-shirye a shafinta, daga nan za ka fara.

Karatun shekara biyu ne, yawanci kiredit 36 zuwa 48. Wasu shirye-shiryen sun fi karkata ga ba da shawara, wasu ga gudanarwa, wasu ga bincike. Ka buɗe jerin kwasa-kwasan ka gani, sunan shirin ba zai gaya maka ba.

A littafinka, ka ja layi ka rubuta wa kowace makaranta amsar waɗannan: Shin duk wanda aka ɗauka yana samun GA, ko sai ya nema da kansa? GA ɗin yana ɗauke kuɗin makaranta duka ko rabi? A cikin harabar makarantar aikin yake ko a wata kwaleji ta kusa? Sun taɓa ɗaukar ɗalibin ƙetare? Wanda ba ka samu amsarsa a shafinsu ba, ka tura wa mai kula da shirin imel gajere. Suna amsawa, kuma amsar tasu ma ma'auni ce.

Tambaya ta uku tana da muhimmanci ga mai bizar karatu ta F-1. Bowling Green, alal misali, tana tura wasu ɗalibanta aiki a kwalejojin da ke maƙwabtaka da ita. Ga Ba'amurke ba matsala, amma kai izinin aikinka na cikin harabar makarantarka ne, awa 20 a mako lokacin karatu. Aiki a wata makaranta yana buƙatar izini na daban da ake kira CPT, kuma ofishin ɗaliban ƙetare ne zai ce ko ka cancanta tun zangon farko.

Makaranta huɗu zuwa shida sun isa. Kada duk su zama manyan sunaye. Jami'ar jiha matsakaiciya a ƙaramin gari, inda haya ke da araha, wadda ta ɗauke maka kuɗin makaranta duka, ta fi maka babbar jami'a a Boston ko New York da ta ba ka rabi. Ka kuma lura cewa jihohi irin su Texas da Florida sun yi dokokin da suka rufe ofisoshin kula da bambancin al'umma a jami'o'in gwamnati, don haka wasu guraben GA da za ka gani a tsofaffin shafuka babu su yanzu.

4. Taranskirif da auna sakamako

Ka nemi taranskirif tun watan Agusta, don kowa ya san yadda fayil ke kwana a teburi a makarantunmu. Ka je da ƙafarka, ko ka wakilta wanda zai riƙa bibiya.

Jami'o'in Najeriya da maki biyar suke aunawa, Amurka da maki huɗu, kuma yawancin shirye-shirye suna son 3.0 zuwa sama. Kada ka yi lissafin juyawar da kanka ka rubuta a fom. Wasu makarantu su suke auna takardun ƙetare a cikin gida, wasu kuma za su tura ka wajen kamfanin aunawa kamar WES ko ECE. Idan an tura ka, ka zaɓi aunawar kwas-kwas, ba ta dunƙule ba, kuma jami'arka ce za ta aika musu kai tsaye, ba su karɓar wanda ya biyo ta hannunka.

Mai HND, da mai lisans na shekara uku daga jami'o'in Nijar ko Kamaru, su tambayi makarantar a rubuce ko tana ɗaukarsa daidai da digirin shekara huɗu, kafin su biya fom. Takardun Faransanci ko Larabci sai an fassara su wajen mai fassara da aka amince da shi. Idan makinka ya yi ƙasa kaɗan, kada ka janye. A wannan fanni gogewa da ɗalibai tana da nauyi sosai, kuma difilomar ilimi ta PGDE mai kyakkyawan sakamako tana gyara hoton.

5. Masu rubuta maka shaida

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne bin muƙami. Mutum zai je wajen babban farfesa ko wani mai sarauta da bai taɓa ganin aikinsa ba, ya karɓo layi huɗu na "yaro ne mai ladabi da biyayya." Wannan ba ta da amfani. Ka nemi lakcara ɗaya da ya koyar da kai ya kuma san rubutunka, da mutum ɗaya da ya gan ka kana aiki da ɗalibai, kamar mai kula da hostal ko shugaban makarantar da ka yi bautar ƙasa, na ukun kuma ko wanne daga ciki.

Ka ba su wata biyu. Ka kai musu CV da bayanin shirin, ka tuna musu da abubuwa biyu ko uku da kuka yi tare. Makarantar ce za ta tura musu mahaɗa ta imel su ɗora wasiƙar da kansu, kuma sau da yawa saƙon yana faɗawa akwatin tarkace, to ka kira su ka ce su duba. In da hali su yi amfani da imel na wurin aiki.

6. CV da takardar manufa

Nan ne aikin yake, nan ne kuma namu suka fi cutar kansu. Ɗan Amurka mai neman wannan gurbi zai rubuta cewa ya yi mataimakin mai kula da hostal, ya yi jagoran tarbar sababbin ɗalibai. Namu sai ya ce ai shi bai taɓa yin irin wannan ba, alhali ya yi fiye da haka. Ka yi gwamnan hostal? Ka yi wakilin aji? Ka riƙe muƙami a MSSN ko FCS ko ƙungiyar ɗaliban jiharku? Ka taɓa shirya wa 'yan aji ɗaya darasin bita kyauta? Ka tara wa wani kuɗin rajista da ya kasa biya? Ka koyar a sakandaren ƙauye lokacin bautar ƙasa? Duk wannan aikin kula da ɗalibai ne. Matsalar ita ce mai karanta takardarka bai san mene ne gwamnan hostal ba, sai ka bayyana masa: ɗalibai nawa ne a ƙarƙashinka, wace matsala ka tarar, me ka yi, me ya canza. Ka sa adadin gaskiya wanda za ka iya karewa a intabiyu.

Ka cire hoto, da ranar haihuwa, da jihar asali, da addini, da batun aure daga CV. A can ba a sa su.

Takardar manufa shafi biyu ce galibi. Ga yadda nake sa a gina ta. Ka buɗe da ɗalibi ɗaya da abin da ya faru, ba tare da sunansa ba. Misali, yarinyar da ta dawo bayan dogon yajin aikin malamai da niyyar barin karatu, saboda an matsa mata a gida kuma kuɗin hostal ya ƙare, da yadda ka bi ofis-ofis da ita har aka samu mafita, ko ma ba a samu ba. Daga nan ka faɗi abin da ka gane ba ka iya ba a lokacin, wanda kake son wannan karatu ya koya maka. Sannan ka nuna ka san shirinsu: kwas kaza, malama kaza da binciken da take yi, ofis kaza da kake son yin GA a cikinsa. Ka rufe da inda kake son aiki bayan ka gama.

Ilimin fannin kaɗan ya ishe ka a wannan mataki. Nevitt Sanford ya ce ɗalibi yana girma ne idan ƙalubale da tallafi suka daidaita: ƙalubale ya yi yawa ya karye, tallafi ya yi yawa ya sangarce. Alexander Astin a 1984 ya nuna cewa gwargwadon lokaci da ƙarfin da ɗalibi ya zuba a rayuwar makaranta, gwargwadon abin da zai ƙaru da shi. Vincent Tinto ya yi bayanin dalilin da ke sa ɗalibai barin jami'a idan ba su samu wurin zama a cikin jama'arta da karatunta ba. Idan ɗaya daga cikinsu ya haska labarinka, ka ambace shi sau ɗaya. Kada ka jera su don burgewa, malaman da za su karanta su suke koyar da su.

Abu uku nake gogewa a duk takardar da aka kawo mini: "tun ina yaro nake son taimakon mutane," da dogon yabon Amurka, da kukan talauci. Kwamitin ba sadaka yake rabawa ba, abokin aiki yake nema. Kuma kada ka ba wa na'ura ko wani ya rubuta maka, don ranar intabiyu bakinka zai saɓa da takardarka.

7. Fom biyu, ba ɗaya ba

Wa'adin yawancin shirye-shirye yana faɗawa tsakanin 1 ga Disamba da tsakiyar Janairu. Wasu suna karɓa bayan nan, amma guraben GA sun riga sun tafi. A makarantu da yawa fom ɗin GA daban yake da na makarantar digiri na biyu, da wa'adinsa daban, wani lokaci da wasiƙar neman aiki ga kowane ofis. Mutane sukan cike na farko su kwanta, sai a Fabrairu su ji ana intabiyu ba da su ba. Ka tura komai mako guda kafin wa'adi, saboda katin banki da intanet. Idan kuɗin fom ya yi maka yawa, ka tambaya ko suna yafewa. Wasu suna yafe wa wanda ya halarci taron bayaninsu na intanet, kuma irin waɗannan taruka sun fi yawa a Oktoba, watan da ƙungiyoyin fannin suka ware don tallata sana'ar.

8. Ranakun intabiyu

Daga Fabrairu zuwa farkon Maris ake kiran waɗanda suka tsallake. A kwana ɗaya ko biyu za ka gana da ofisoshi da dama, kowanne kusan rabin awa. Wanda ke nesa ta Zoom ake yi da shi. A lokacin, agogon Najeriya da Nijar yana gaban na gabashin Amurka da awa shida, na tsakiyarta da awa bakwai, amma daga Lahadi ta biyu a Maris suna matsar da agogonsu, tazarar ta ragu da awa ɗaya. Ka duba sau biyu. Ka tanadi layin data biyu na kamfani daban-daban, ka cika kwamfuta da caji, ka sa fitila a gabanka ba a bayanka ba, ka roƙi mutanen gida su kama yara.

Tambayoyin ba sa wuce irin waɗannan: me ya kawo ka fannin, ba mu labarin lokacin da ka sasanta mutum biyu, yaya za ka yi da ɗalibin da ke ƙarƙashinka idan ya daina zuwa aiki, wane irin shugaba kake jin daɗin aiki da shi, yaya kake hutawa idan aiki ya yi yawa. Ka shirya labarai biyar na gaskiya, kowanne minti biyu: yanayin, abin da ka yi, sakamakon.

Tarbiyyarmu tana iya yi mana cikas a nan. An koya mana sunkuyar da kai gaban babba, da cewa "mun yi" maimakon "na yi," da ƙin yabon kai. A wajensu, wanda ya ƙi kallon kyamara kamar yana ɓoye wani abu ne, wanda kuma ya ce "mun yi" bai faɗi nasa ba. Ka ce "na yi" inda kai ka yi, ba girman kai ba ne, amsa tambaya ce. Idan sun ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Ka tambayi yaushe horon aiki ke farawa, sau nawa ake riƙe wayar ko-ta-kwana, sau nawa za ka zauna da mai kula da kai. Washegari ka tura imel na godiya, layi uku.

Bayan nan kai za ka jera ofisoshin bisa yadda kake son su, su ma su jera 'yan takara, a haɗa. Kada ka liƙe wa ofishin ɗaliban ƙetare kawai don kai baƙo ne, gurbinsa ɗaya ne ko biyu. Guraben hostal sun fi yawa, kuma sau da yawa suna zuwa da ɗaki da abinci kyauta.

9. Auna tayi, sannan takardun tafiya

Jami'o'in Amurka da yawa sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ce ba za a tilasta maka amsa tayin tallafin kuɗi kafin 15 ga Afrilu ba. To kada ka yi gaggawa. Ka ɗauki biro ka yi lissafi: alawus na wata nawa ne a shekara, tara ko goma ko sha biyu? An ɗauke kuɗin makaranta, amma sauran kuɗaɗen rajista fa? Inshorar lafiya, wadda dole ce ga ɗalibin ƙetare, wa zai biya? A jami'ar jiha wanda ba ɗan jihar ba ya fi biya, to yafewar ta shafi farashin 'yan wajen jiha, ko na 'yan jiha kawai, ragowar a kanka? Shekara ta biyu tabbas ce? Ka nemi amsa a rubuce. Idan ka zaɓi ɗaya, ka sanar da sauran nan take, akwai wanda ke jiran gurbin.

Makarantar za ta aiko da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, bayan ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Wasiƙar GA tana cikin shaidar, giɓin da ya rage ne za ka cike da takardar banki. Sai ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙetare ta gwamnatin Amurka, dala 350, ka cike fom ɗin neman biza na DS-160, ka biya kuɗin biza dala 185, ka nemi ranar ganawa.

Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ba a barin mai F-1 ya shiga Amurka fiye da kwana 30 kafin ranar farawa da ke kan I-20. Darussa a ƙarshen Agusta suke farawa, amma horon ma'aikatan hostal yakan fara a Yuli. Ka haɗa mai kula da GA ɗinka da ofishin ɗaliban ƙetare a imel ɗaya tun Afrilu su daidaita ranar. Ka kuma taho da kuɗin wata biyu a hannu, don sai ka nemi lambar Social Security, wadda ake buƙata ga duk mai karɓar albashi a can, bayan ka isa, kuma alawus na farko yana iya kai wa ƙarshen wata. Mai iyali ya sani cewa matar da ta biyo shi da bizar F-2 ba ta da izinin aiki, ya kuma tambaya ko ɗakin hostal ɗin yana ɗaukar iyali.

Tun zangon farko ka fara tunanin hutun bazara. Ƙungiyar ma'aikatan hostal ta ACUHO-I da ta masu tarbar ɗalibai ta NODA suna haɗa ɗaliban mastas da wasu jami'o'i don aikin bazara, kuma neman yana farawa tun hunturu. Bayan kammalawa, izinin aiki da ake ba mai F-1, wato OPT, wata 12 ne kawai, don fannin ba ya cikin na kimiyya da fasaha da ake ƙara wa wa'adi, kuma ba kowace jami'a ke ɗaukar nauyin bizar aiki ga ƙaramin ma'aikaci ba. Shi ya sa nake cewa a sa ido kan jami'o'i masu tsarin Amurka a wasu wurare: AUN a Yola, Ashesi a Ghana, NYU Abu Dhabi, da jami'o'in Education City a Qatar.

10. Idan GA bai samu ba, ko biza ta ƙi

Kada ka sayar da fili ko ka ci bashi don biyan wannan digiri da aljihunka, albashinsa ba zai mayar maka ba. Ka tambaya ko kana cikin jerin jira, don bayan 15 ga Afrilu gurabe suna buɗewa. Ka duba ofisoshin da ba sa cikin tsarin haɗawa, kamar cibiyar wasanni, da sashen koyar da rubutu, da ofisoshin tsangayoyi. Idan biza ce matsalar, ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, amma ka sani GA ba ya ɗaguwa, sai ka sake intabiyu.

A Kanada, cibiyar OISE ta Jami'ar Toronto tana da mastas a ilimin manyan makarantu mai reshen hidimar ɗalibai, sai dai tallafi a can bai kai na Amurka yawa ba. A Ghana, Jami'ar Cape Coast tana koyar da gudanar da manyan makarantu. A gida, mastas na jagoranci da ba da shawara, wanda ake yi a BUK da ABU da Jami'ar Ilorin, shi ne mafi kusa, kuma wanda digirinsa na farko ba na ilimi ba ne zai fara da PGDE. Mujallar Journal of Student Affairs in Africa kyauta ake karanta ta a intanet, ta nan za ka ga yadda ake aikin a Afirka ta Kudu da sauran ƙasashen nahiyar.

A shekarar jiran, ka nemi aiki ko na sa-kai a sashen harkokin ɗalibai na jami'a ko kwalejin ilimi ko foliteknik da ke kusa da kai, musamman lokacin rajistar sababbin ɗalibai da rabon hostal, lokacin da hannu ke yi musu kaɗan. Ka riƙa rubuta abin da ka yi a littafi duk mako, da adadin ɗaliban da ka gani. Daga littafin za ka ciro labaran intabiyu na baɗi, shugaban sashen kuma shi zai rubuta maka wasiƙa ta biyu.